Ranar da Na Kashe Wutar Jirgi a Gaban Baba

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsayar da jirgin ƙasa cike da mutane a tsakiyar rairayin bayan garin Dubai, da hannuna, da shebur, a gaban mahaifina. Shekara biyu ke nan, amma har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Tsayar da jirgin ma ba shi ne babban abin kunyar ba. Maganar da na yi kafin in tsayar da shi ita ta fi ci mini rai, kuma ba za ku gane ta ba sai na fara muku daga ƙaryar da ta haife ta.

Ni ɗan Kafanchan ne, a unguwar Loko aka haife ni, kuma ni ne auta a wajen Baba. Shekarata tara a Dubai, ina aiki a inda ake gyaran jiragen metro, wato jiragen ƙasa na cikin gari, a Al Qusais. Aikina ƙofofi ne. In ƙofar tarago ta ƙi buɗewa ko ta ƙi rufewa, ni ake nema. (Amma 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ke Al Rigga "Injiniya" suke kirana, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Daga nan ma ya kamata ku gane irin mutumin da ke ba ku labarin.)

Akwai wani shagon shayi a Al Rigga da muke haɗuwa da yamma in na tashi aiki. Babban majalisar shi ne Alhaji Tasi'u, Bakano mai lodin kayan gyaran mota zuwa gida, mutum mai barkwanci da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ni Kirista ne, su kusan duk Musulmi, amma Hausa da shayin karak sun haɗa mu. Wata rana ya tambaye ni yadda aka yi na faɗa aikin jirgi. Na ce gado ne, Babana ma a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya.

Ya ce, "Allah sarki. Ashe ɗan direba ne kai, Injiniya."

Na ce, "Eh."

Ƙaryar ke nan gaba ɗayanta a ranar farko, kalma ɗaya, kuma a bakinsa na tsince ta. Da na ajiye kofina na ce a'a, da an wuce wurin.

Gaskiyar magana ita ce Baba faya ne. A zamanin jirgi mai hayaƙi mutum biyu ne ke tsayawa a kan jirgi: direba, da wanda yake zuba wa wuta kwal don ruwa ya tafasa ya ba da tururin da ke jan jirgin. Na biyun shi ake kira faya. Shekara goma sha huɗu Baba ya yi yana wannan aiki, har jiragen dizal suka zo aka mayar da shi cikin rumfar gyara, yana goge mai har ya tsufa. Duk Loko ba wanda ke kiransa da sunansa, Baba Faya ake ce masa. Mu kuwa yaran unguwa mun san matsayin kowa. Gidajen direbobi masu baranda ne da famfo a tsakar gida, namu ɗaki biyu ne a layin baya. Ban taɓa ganin jirgi mai hayaƙi yana tafiya ba, don an kashe su tun kafin a haife ni. Gawarwakinsu kawai na sani, jibge a bayan rumfa sun yi tsatsa, muna wasan ɓuya a cikinsu. Saboda haka a idona na yaro, aikin Baba bai wuce ɗibar gawayi ba, kuma na girma ina jin kunyar sunan.

Ita ƙarya in ta samu wurin zama sai ta nemi abinci. Cikin 'yan watanni Baba ya zama direban jirgin fasinja daga Ikko zuwa Kano. Daga baya na ƙara masa hular direba da agogon aljihu. Har ofis labarin ya kai. Shugaban sashenmu wani Bature ne ɗan Ingila, muna ce masa Oga, mai son tsofaffin jirage kamar ya yi hauka, bangon ofishinsa duk hotunansu ne. Ranar da na gaya masa cewa Babana ya tuƙa jirgi mai hayaƙi, tashi ya yi daga kujera ya sake gaisawa da ni. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na kuwa kwantar da hankalina, don Kafanchan tana can, Dubai tana nan, kuma Baba ko fasfo ba shi da shi.

Sai matata Rifkatu ta haihu, ɗanmu na fari bayan dogon jira. Mama ta riga ta rasu, sai yayyena suka ce a kai Baba ya ga jikansa, ya sa masa albarka a coci. Ya sauka a lokacin sanyi, zai yi mako uku a ɗan gidanmu da ke Abu Hail. Ya kusa tamanin, ya ɗan ranƙwafa, amma idonsa tar. Washegari na ɗauke shi a metro don ya ga aikina. Na kai shi taragon gaba, inda fasinja ke tsayawa a jikin gilashi yana kallon layin dogo. Ya duba dama, ya duba hagu.

Ya ce, "Auta, ina direban?"

Na ce babu, na'ura ce ke tuƙawa. Na shiga yi masa bayani da dogon Turanci. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya dafa bangon jirgin da tafin hannunsa. Can ya ce jirgin yana da kyau, sai dai bai ji numfashinsa ba. Muka je ƙarshen layi muka dawo bai bar jikin gilashin ba.

Mako biyu ina raba shi da majalisar Al Rigga. Yau in ce akwai sanyi, gobe in ce shayinsu ya cika sukari. Na fara ganin zan tsallake, sai Oga ya kira ni ofis yana murmushi. Ya ce sashenmu zai fita yawon shaƙatawa ranar Asabar, kowa da iyalinsa. Akwai wani attajirin Balarabe da ke da gona a bayan gari, ya sayo tsofaffin kawunan jirgi daga wata gonar rake a Indiya, ya gyara su, ya shimfiɗa musu ƙaramin layi da ya zagaye gonar, ana kunna su a lokacin sanyi don baƙi. Oga ya ce ya riga ya yi waya, ya gaya musu akwai tsohon direba daga Nijeriya a cikinmu, sun kuwa ce za su ba shi jirgi ya tuƙa.

Na ce Baba ba ya son doguwar tafiya. Oga ya ce ai bai kai awa ɗaya ba. Na koma gida da niyyar in yi shiru, na tarar Rifkatu ta ga saƙon gayyatar a zauren matan ma'aikata da ke wayarta, ta kuma gaya wa Baba, shi kuma har ya sa an goge masa babbar rigarsa. Da ya rage saura mota, sai na yi wautar da ta fi kowace: na roƙi Alhaji Tasi'u aron tasa.

Ya ce, "Aro? Haba habibi. Baba direba zai hau jirgi a ce ban gani ba? Ni zan kai ku da kaina, khalas, magana ta ƙare."

Haka na tara duk waɗanda na yi wa ƙarya a wuri ɗaya, na kuma kawo musu wanda na yi ƙaryar a kansa.

Gonar tana can inda gine-gine suka ƙare, bayan an wuce wuraren kiwon raƙuma. Dabino ne jere-jere, da wata 'yar tasha ta katako, da rumfar ƙarfe. A cikin rumfar akwai kawunan jirgi biyu a kashe, an goge su suna ƙyalli. Na ukun yana waje a kan layi, kore ne, da taragu huɗu marasa rufi a bayansa, yana fitar da tururi a hankali ta ƙasa. Ƙarami ne ƙwarai, bai kai rabin waɗanda na sani a Loko ba. Amma yana da rai, kuma ban taɓa sanin haka abin yake ba. Yana huci, yana ɗigar ruwan zafi, ƙarfensa na ɗan ƙara shi kaɗai, ga warin kwal da mai da ya cika wurin.

Baba ya tsaya cak tun daga nesa. Ya shaƙi iskar ya riƙe. Ya matsa a hankali, bai kalli kowa ba, ya zagaya jirgin yana taɓa wasu wurare da bayan hannunsa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi inda toka ke zuba. Ya ɗauki ƙwayar kwal ɗaya daga akwatin baya, ya juya ta, ya farfasa da babban yatsa, ya ce ta Inugu ta fi wannan taurin kai. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba abin da nake lissafawa sai yadda zan hana shi buɗe baki.

Direban jirgin wani dattijo ne Ba'indiye, siriri, da farin gashin baki. Oga ya gabatar da Baba da cewa ga abokin aikinsa daga Afirka. Dattijon ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Na yi sauri na ce ƙirjin Baba ba ya son hayaƙi, gara ya zauna a tarago. Kafin in rufe baki Baba ya tattare babbar riga ya taka matakala ya haye. Ba yadda na iya, na bi shi, wai ni mai fassara. Wurin tsayuwar bai ɗaukar mutum huɗu, sai mai zuba kwal na gonar ya tsaya a bakin matakala. Oga da Alhaji suka zauna a kujerar farko ta taragon da ke manne da mu, kusa ƙwarai, ko tari muka yi za su ji. Alhaji ya ɗaga waya yana ɗauka.

Dattijon ya ja da baya, ya nuna wa Baba dogon hannun ƙarfen da ake turawa jirgi ya tashi, ya ce masa da Turanci jirgi nasa ne. Baba ya kalli ƙarfen. Ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su. Sa'an nan ya juyo ya kalle ni, kallo mai tsawo.

Na ce wa dattijon hannun Baba yana rawa saboda tsufa, wai Baban ya ce shi zai tsaya ya sa ido ne kawai. (Baba bai ce haka ba. Baba kuma yana jin Turanci sarai, irin na reluwe.) Na ga fuskar Oga ta ɗan sauya, na ga ana neman sake roƙon Baba. Ina bukatar abin da zai ɗauke hankalin mutane daga kansa, sai idona ya faɗa kan shebur. Na karɓe shi daga hannun mai zuba kwal, na ce ya je ya huta, yau ni zan yi. Dattijon ya ɗan yi jim, amma an ce masa ni ma'aikacin jirgi ne, ga kuma tsohon direba a kaina, sai ya gyaɗa kai. Mai zuba kwal ya sauka ya koma inuwar rumfa.

Alhaji ya yi dariya daga tarago. Ya ce, "Injiniya, ɗan direba guda da shebur? Ka iya kuwa?"

Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Alhaji, wannan ai aikin lebura ne. Zuba gawayi a wuta har wani ilimi ne? Kowa ma aka kamo a titi zai yi."

Da Hausa na faɗa, kuma mutum uku ne kacal ke jin Hausa a wurin, don Rifkatu tana gida da jariri. Na ukun yana tsaye a gefena, kafaɗarsa na gugar tawa. Ban kalle shi ba. Na dai ji ya ɗan matsa, ya ba ni wuri.

Aka busa usur, jirgi ya motsa, yara suka yi ihu a baya. Na buɗe ƙofar murhun, zafi ya doke ni a fuska kamar an mare ni. Na ciko shebur fal na watsa a tsakiya. Na ƙara. Na ƙara. A tunanina wuta ai wuta ce, in kana son ta yi ƙarfi sai ka ba ta da yawa. Na bar ƙofar a buɗe don kada in ɓata lokaci, ina ta lodi kamar mai cika tifa, har ina juyowa ina yi wa wayar Alhaji murmushi. Dattijon yana leƙen hanya ta ɗaya gefen, bai ga abin da nake yi ba. Baba yana gani, bai hana ni ba.

Hayaƙin da ke fita sama ya koma baƙi ƙirin, ya kwanta a kan taragu. Na ji mata sun fara tari, na ga matar Oga tana kaɗe farar hularta. Na leƙa murhu na ga jan da na tarar ɗazu ya ɓace, sai wani tulin baƙi a tsakiya yana turnuƙewa. Na ce a raina kwal ya yi kaɗan, na ƙara shebur uku. Akwai wani agogo a saman murhun mai nuna ƙarfin tururi, na ga allurarsa tana sauka. A daidai nan layin ya fara hawa wani ɗan tudun rairayi, can ƙarshen gona inda babu ko bishiya. Numfashin jirgin ya riƙa ja, yana nisa da juna, ya yi ɗaya, ya yi wani da ƙyar, ya tsaya.

Dattijon ya ja birki, ya leƙa murhu, ya faɗi wata magana da harshensu wadda ba na bukatar a fassara mini. Ya juya ga Baba da mamaki, ya ce masa, kai da ka tuƙa jirgi, kana tsaye ka bar shi ya yi wannan?

Wurin ya yi tsit, don da jirgin ya mutu ba sauran ƙara. Baba ya amsa masa da Turancinsa na reluwe, a hankali, kowace kalma daban. Ya ce shi bai taɓa tuƙa jirgi ba. Shi faya ne, shekara goma sha huɗu. Sa'an nan ya leƙa wajen taragon ya maimaita da Hausa saboda Alhaji.

"Alhaji, ni ba direba ba ne. Faya ne ni. Leburan da ya faɗa."

Alhaji ya sauke wayarsa a hankali ya sa a aljihu. Oga ya kalle ni, ya kawar da kai wajen rairayi. Ni kuwa ina tsaye da shebur a hannu, farar rigata ta koma baƙa, gumi na gangaro mini, ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige. Babu inda zan gudu, ko'ina rairayi ne.

Abin da ban zata ba shi ne abin da dattijon ya yi. Ya cire hularsa ya ce shi ma shekara tara ya yi da shebur kafin a ba shi jirgi, kuma babu direban jirgi mai hayaƙi a duniya da bai fara daga nan ba. Ya ce wa Baba, to ga wuta, a taimaka. Daga baya na gane Oga ma ya san haka, duk mai son waɗannan jirage ya sani. Ni kaɗai ne, ɗan Loko, ban sani ba.

Baba ya cire babbar rigarsa ya miƙa mini, ya naɗe hannun 'yar ciki. Sai a lokacin na lura da tabon ƙuna da ke jere a damatsansa, waɗanda na girma ina gani ban taɓa tambaya ba. Ya zaro wani dogon ƙarfe mai ƙugiya daga gefe, ya zura cikin murhu ya farfasa tulin da na yi, ya baje shi. Ya rufe ƙofa, ya yi wa dattijon alama da yatsa ya buɗe abin da ke jan iska. Suka tsaya. Ba ya kallon agogo, saman bututun hayaƙi yake kallo. Baƙin ya koma ruwan toka, ruwan tokar ya yi haske. Sai ya karɓi shebur. Bai cika shi ba, ɗan kaɗan ya ɗebo a bakinsa, ya murɗa wuyan hannu, kwal ɗin ya tashi ya bazu can ƙuryar hagu. Ya rufe ƙofa. Ya ɗebo, ƙuryar dama. Ya rufe. Tsohon da nake riƙe wa hannu in zai hau matakalar gidanmu, ga shi yana juyi a kan ƙafa ɗaya ba ko tangaɗi.

Bayan shebur shida numfashinsa ya fara sama. Ya miƙo mini shebur ɗin. Na ce a'a Baba, kada in sake ɓatawa.

Ya ce, "Karɓi. Kai ka kashe ta, kai za ka tashe ta. Rage, ya yi yawa. Rage kuma. Ƙuryar baya, hagu. Rufe ƙofa, kana shigar mata da sanyi. Yanzu jira. Ba a yi mata ɗura, Auta. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, inda ta yi rami nan za ka sa."

Haka na yi ta bin umarni a gaban duk sashenmu da matansu da 'ya'yansu. Allura ta fara hawa. Dattijon ya saki birki ya tura ƙarfensa, jirgin ya yi wani nishi mai ƙarfi ya kama tudun. Mutane suka yi tafi, kuma na san ba ni ake tafa wa ba. Da muka iso tasha, Oga ya taimaka wa Baba ya sauko, suka shige rumfa shi da dattijon su uku, suka kwashe fiye da awa ɗaya suna zagaya matattun kawunan nan. Ba wanda ya nemi mai fassara.

A mota Alhaji ya tambayi Baba sau biyu ko a rage sanyin motar. Muka isa gida da yamma. Baba ya shiga kicin yana wanke hannu da sabulun wanke-wanke, na tsaya a bayansa riƙe da babbar rigarsa. Na ce ya yafe mini. Na ce ban san abin da ya hau kaina ba, alhali na sani sarai.

Bai juyo ba. Ya ce, "Sau uku na zauna jarrabawar direba. Jirgin na san shi, rubutun Turancin ne ya kayar da ni. Na uku da na faɗi, kwana biyu ban ci abinci ba, uwarka ce ta sani. Ka ga abin da reluwe ta hana ni, kai ka ba ni a Dubai ba ko takarda." Ya ɗan yi dariya, ya kashe famfo. "Wannan bai dame ni ba, Auta. Na san so ne ya kawo shi, ko da da kunya a ciki. Leburan nan ne ya yi mini zafi. Da shebur ɗin nan aka ciyar da yayyenka."

Na miƙa masa tawul, ya goge hannunsa yatsa-yatsa, ya wuce ɗaki wajen jikansa. Na daɗe a kicin ɗin ina kuka, da girmana, a gaban kwanonin Rifkatu.

Saura kwana uku ya koma, na kai shi majalisar Al Rigga da kaina. Kafin mu zauna na gaya wa kowa gaskiya, a tsaye, duk da na san Alhaji ya riga ni. Aka yi mini tsiya daidai gwargwado, na shanye. Daga nan aka manta da ni. Baba ya ɗauki cokalin shayi ya mai da shi shebur, faranti ya zama murhu, ya riƙa nuna musu yadda ake shirya wuta tun kafin a iso tudun Kagoro, da yadda faya ke gane halin direba daga yadda yake cinye tururi. 'Yan kasuwar nan da wayoyinsu ba sa hutawa, ranar sai ga su sun kife su a kan tebur.

Da za mu tashi Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Yalla, jama'a ku shaida. Daga yau mun sauke Injiniya, sunansa Ƙaramin Faya."

Baba ya ajiye kofinsa ya girgiza kai. Ya ce, "A'a Alhaji, kada ku yi masa ƙarin girman da bai kai ba. Na ga aikinsa."

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In za ka ɗaga mahaifinka a bainar jama'a, ka fara sanin inda yake tsaye, don mai yiwuwa sauke shi kake yi. Ni na yi shekaru ina jin kunyar a ce mini ɗan faya, sai da na nemi sunan da kaina a gaban shaidu, mai shi ya ce ban cancanta ba tukuna.